Masoyiya Ɗaya Tilo

Nirajan ya jingine jitarsa a saman bene. "Na haƙura, Kaka. Baba ya samo min aiki a Katar. Tun yaushe muke kiɗan rok ni da abokaina, babu mai sauraronmu sai ke."

Kaka Sanumaya, maƙwabciyar da kullum take kawo musu shayi in sun fara gwaji, ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Kada ka yi min haka, ɗan nan!"

Idonsa ya ciko da ƙwalla. Ashe duk faɗin Kathmandu akwai wadda ta san darajarsu! "Wace waƙarmu kika fi so?"

"Waƙa kuma? Ai tun da kuka fara ihun nan, biri ko ɗaya bai ƙara taɓa min shanyar barkono ba."