Shaidar Ranar Alhamis

Zahara'u tana tsaye bakin injin matsar gyaɗa saƙon ya shigo salularta. Layi biyu ne kacal: kamfanin ya gode, amma ya ɗauki wani. Ta karanta, ta sake karantawa, mai yana ta zuba har bokiti ya cika ya tumbatsa.

Aikin ba ƙarami ba ne. Wani kamfanin abinci ne a Maraɗi yake neman wanda zai riƙe sabon garin kunun yara, tun daga tsara shi da kwalinsa har ya shiga kasuwa. Kuma wallahi irin abin da take yi ke nan shekara uku a ƙungiyar mata masu man gyaɗa ta Madarunfa, tun da ta dawo daga jami'a. Ita ta raba su da tsofaffin gorunan ruwa, ta sa aka buga wa man suna, ta gano ƙaramar kwalba ta fi tafiya a kasuwar Ɗan Isa. Ganawa biyu ta haye. Abin da ya rage kawai a kira salular ƙungiya, shugaba Gwaggo Ɗelu ta ba da shaida.

Al'amin, abokin karatunta da ke aiki a kamfanin, shi ya tsegunta mata.

"Ke ce ta ɗaya har ranar Alhamis," in ji shi. "Shef, shugabanmu na aiki, ya kira lambar da kika bayar. Matar ta ce ba abin da kika iya, zuwa kawai kike ki taya su surutu. Ya sake tambaya, ta ce a bar zancen yara. Ki yi haƙuri."

Rasa aikin da zafi, amma wannan ya fi shi. Zahara'u 'yar fari ce, don haka ba ta taɓa sa ran yabo daga mahaifiyarta, Inna Inde, ba. Ko sunanta Inna ba ta kira, sai dai "ke". Duk yabon da ta taɓa ji a duniya daga bakin Gwaggo Ɗelu ya fito. Ita ce mai nuna ta ga baƙi tana cewa, "Ga idon ƙungiyarmu." Ashe tsoro take kada idon ya tafi Maraɗi.

Da ta ba Inna labari, Inna tana mulmula ƙuli-ƙulin da za ta kai ƙungiya. Hannunta ya tsaya.

"Alhamis kika ce?"

"Alhamis, Inna."

Inna ta ci gaba da mulmula ƙuli-ƙulinta. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Zahara'u ta daina zuwa ƙungiya. In ta hango Gwaggo Ɗelu a hanyar tafki sai ta sake kwana. Sau biyu matar ta yi sallama gidansu, sau biyu Zahara'u ta ce a ce tana barci. Ta rame, Inna ma ta rame, har maƙwabta suka fara tambaya ko cuta ce ta shiga gidan. Inna ta riƙa sayo mata kifin tafki, ta soya, ta ajiye bakin ƙofar ɗakinta ta juya. Wani lokaci takan ce, "Ki bar matar nan, ke. Ba ki san cikin mutane ba."

Wata huɗu aka yi a haka. Sai ga kiran Al'amin: wanda aka ɗauka ya tafi Yamai, an sake buɗe gurbin, Juma'a za a rufe karɓar dosiye, wato takardun masu neman aikin.

Zahara'u ta share hawaye ta zauna. Ta sake rubuta takardarta tun daga farko, ta ɗauki hoton kwalaben, ta jera tsohuwa kusa da sabuwa. Ta riƙa tsayawa gaban madubi tana amsa tambayoyin da suka sa ta in'ina a karon farko. Abu ɗaya ya rage. A wannan karon ba kira za a yi ba, takardar shaida ake so, da sa hannun shugabar ƙungiya da hatiminta.

"Ba a iya yi in ba ita?" in ji Inna.

"Ba a iyawa."

"To kawo in kai mata."

"A'a, Inna. So nake ta dubi idona."

Da safiyar Laraba Inna ta rako ta har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe baki, ta rufe. Can ta ce, "Ki gaishe ta."

Gwaggo Ɗelu tana tsintar gyaɗa a faifai. Ta ɗaga kai, idonta ya cika da ƙwalla.

"Yau kin tuna da tsohuwar banza?"

Zahara'u ta miƙa takardar ba gaisuwa. Gwaggo ba ta ko nemi a karanta mata ba. Ta sa hannu, ta hura wa hatimi, ta danna da ƙarfi.

"Allah ya ba ki, ɗiyata. Da ma tun farko naki ne."

A nan Zahara'u ta fashe da kuka.

"To mi na yi miki, Gwaggo? Suka kira ki, kika ce ban iya komai ba!"

"Ni? Wa ya kira ni? Yaushe?"

"Alhamis ɗin da ta biyo ƙaramar salla."

Gwaggo Ɗelu ta shiga ƙirga kwanaki da yatsu. Sai yatsun suka tsaya. Ta ajiye faifan a hankali, ta kama hannun Zahara'u ta zaunar da ita kusa da ita a tabarma, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ranar ina Safo wurin ta'aziyya, ɗiyata. Salular ƙungiya, innarki na bar wa."