Irin Shuka a Hannun Jika

Ke uwar yarinyar nan, daina hararar faifan nan, ki zauna ki ji. Kin ce na sa miki 'ya tsintar wake kamar kaza, wai ba ta isa ba. To ga misali, in kin ga dama ki ɗauka.

An yi wata tsohuwa manomiya a wani ƙauye, ita ke ajiye irin shuka na gidansu. Kowane iri da tukunyarsa, a zuba toka, a liƙe baki da laka sai damina. Da aka kawo mata jikarta yaye, ba goyo da rarrashi kaɗai ta tsaya yi ba. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma, ta zube gyaɗa da wake da tsakuwa a faifai ɗaya, ta jera sakaina uku, ta ce kowa a kai shi ɗakinsa. Yarinya ta kai baki, ta watsar, ta yi kuka. Tsohuwa ta tattara ta sake zubewa. Da hannu ya faɗa, sai ta cire gyaɗa ta kawo dawa, ja da fara. Daga nan wake mai lafiya da wanda ƙwaro ya huda. Can daga baya ta haɗa mata gero da maiwa, waɗanda ko babba sai ya ƙura ido kafin ya raba su. Matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna dariya, wai tsohuwa ta rasa aikin yi. Ɗanta ma, uban yarinyar, ya zo ya ce, “Inna, ki bar ta ta yi wasa mana, in ta girma ta koya.” Tsohuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, “Kai da na bari ka girma, me ka koya?” Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta fara rufe mata gani.

Shekarar da yarinya ta fara famfara, idon tsohuwa ya tafi gaba ɗaya. Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, bangon ɗakin ajiyar iri ya rufto kan tukwane, iri ya haɗe wuri guda da toka da ɓaraguzan ƙasa. Gari ya waye ƙasa ta jiƙe, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona, danshi kuwa ba ya jiran kowa. Uban ya durƙusa ya gwada rabawa, yatsunsa kamar taɓarya, ya ɗebo gero da maiwa ya zuba a ƙwarya ɗaya yana cewa ai duk hatsi ne, a shuka haka nan. Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa ta ce ba a gonarta ba. Gero shi ke nuna da wuri ya fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina, maiwa sai kaka ta yi nisa. In aka cakuɗa su a rami ɗaya, ba a san me za a yanka a bar me ba, gidan kuma ya kwana da yunwa hatsi na tsaye a gona. Sai ta kira jikarta. Yarinyar ta zauna ta miƙe ƙafa, ta jawo ƙore, tana 'yar waƙarta tana tsinta, ita a ganinta wasan da ta saba ne. Ta ware gero gefe, maiwa gefe, hudajjen wake ta watsa wa kaji. Kafin ƙasa ta sha iska uban ya shuka geronsa tsantsa, kuma shi suka ci lokacin da rumbu ya koma fayau.

Saboda haka ki bar min yarinya da faifanta. Ranar da za ki nemi idonta da hannunta ba za ta yi miki sallama ba. Hausawa sun riga mu faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.