Munazzim Don Kaset Ɗaya

Wutar janareto ta zo da ƙarfi, ta ƙona rikodar Haladu a motar da yake kwana cikinta, can gonar dabino a Khaibar. Da ƙyar kaset ɗin da ke cikin rikodar ya tsira.

Ya shigo Madina ya sayi wata rikodar, ya nemi munazzim mai daidaita wuta.

"Na firji, ya Hajji?" in ji mai shago.

"Na muryar ɗana."

"Allah yarhamu," in ji mai shago, a zatonsa yaron ya rasu.

Haladu ya biya kuɗi ya fita. Da ya koma gonar ya jona rikodar, sai ga muryar ƙaramin yaro: "Baba, ɗauke ni!"

Ɗan nasa Sabiru na nan da ransa a unguwar Harra ta Yamma cikin Madina, har da gemu. Sai dai yanzu da Larabci yake amsa wa ubansa. A kaset ɗin nan kaɗai yake ce masa Baba.