Jagoran Baba

Ni kaɗai na lura cewa ko shi ɗaya yake tafiya, kafintan nan yakan ɗan buɗe gwiwar hannunsa, kamar wani na riƙe da shi. Shekara shida ke nan yana yi wa mahaifinsa jagora, tun da tsohon ya makance.

Na same shi a shagonsa na ƙofar gida, na ajiye takardar ɗaukata aiki a kan benci.

"Garin da nisa," na ce, idona a ƙasa. "In mun yi aure za ka biyo ni? Yayarka ta ce za ta ɗauki Baba."

Ya daɗe yana kakkaɓe takardar, alhali babu ƙura a jikinta.

"Malama, da tafin ƙafa Baba ya haddace gidan nan. Ko kujera ba na matsarwa. In aka ɗauke shi, an makantar da shi sau biyu."

"To ni fa?"

Ya miƙo mini takardar. "Allah ya sa albarka a aikin."

Don wannan halin nake son sa, da wane bakin zan ce ya canja?

Daga bakin titi na waiwaya. Ya zaunar da Baba a inuwa, ya durƙusa yana yanke masa farce.