Igiyar Shanya

Da ta fito da bokitin wanki, sai ta ga babu igiyar shanya. Ƙusoshin ne kawai a bango.

Tun da aka rufe masaƙar da mazan layinsu ke aiki, an binne da dama, kuma ba ciwo ne ya ɗauke su ba, rataye kansu suka yi. Ita ta ja gaban mata har aka yi dokar rufe gidajen giya. Mijinta ya daina sha, gaskiya ne, amma ya daina magana ma, sai ya yini yana kallon bango.

Ta yar da bokitin ta fita ba ko takalmi.

A ƙofar tsohon gidan giyar ta hango mijin tsaye kan benci, igiyar a hannunsa. Tamfol yake ɗaurewa. Tsohon mai gidan na riƙe da ɗaya gefen, shayi na tafasa, abokan aikinsa na dā suna ta yi masa tsiya wai ɗaurin ya karkace.

"Baban yara," ta ce tana haki, "rumfa ce ka kasa faɗa mini?"

Ya sauko, ya daɗe yana kallon ƙafafunta. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ba don rumfa na kwance ta ba. Wucewa nake, tsohon nan ya ce in ara masa."

Tsohon bai ko ɗago ba. "Ki sayi wata, 'yata. Wannan ba za ta koma gida ba."