Ba a Bakwaini a Gidanmu

"Mu dai a zuri'armu ba a haifar bakwaini," in ji uwar miji, tana leƙen kwalbar da jikarta ke kwance. "Wannan gaggawar a wajenku ta gado ta."

Mai jego ta kawar da kai. Kwana tara ke nan tana shan gori. Likita ya ce wata 'yar jijiya kusa da zuciya ce ba ta rufe ba, ana ba da magani, kuma yarinyar takan manta da numfashi. Duk tsohuwa ta ɗora wa dangin uwa. Mijin kuwa, ƙato guda, sai susar ƙeya.

Kwatsam na'ura ta ɗau ƙara. Ƙirjin jaririyar ya tsaya cak. Nas tana can ƙarshen ɗaki. Mai jego ta daskare.

Kafin ƙiftawar ido tsohuwa ta zura hannu ta tagar kwalbar, ta ɗalli tafin ƙafar, ta murza bayan. Jaririyar ta ja numfashi, ta saki siririn kuka.

Nas ta iso a guje, ta duba, ta sauke ajiyar zuciya. "Mama, wannan ba hannun koyo ba ne, sai wadda ta raini bakwaini. Naki wata nawa ya yi a ciki?"

Mai jego ta juya a hankali, ta ƙare wa mijinta kallo.

Tsohuwa ta gyara mayafi. "Bakwai," ta ce ƙasa-ƙasa. Sai ta ɗaga yatsa. "Amma da rabi!"