Muryar Mai Gurumi

Gurumin na fara tashi daga salularta, samarin fadar, majalisarsu ta shan shayi a bakin titi, suka kwashe da dariya.

Mujallar waƙoƙin da take wa aiki ce ta turo ta unguwar Harobanda, ta kunna wa matasa waƙoƙi don a san wadda suke so. Rap ya sha tafi. Wannan ta gurumin kuwa, mai zuba shayi har da riƙe ciki.

"Madam, tsohon nan yana da rai kuwa? Sai ka ce akuya ta shaƙe da dusa!"

Duk ita suke kallo. Sai ta ji dariyarta ta fito, har ta ɗara tasu.

"Shef ɗinmu na ofis ne ya cusa ta," in ji ta. "Ni ma ban san shi ba."

Ta koma taksin da ke jiranta dab da fadar, gilasansa a sauke. Direban da kullum yake tuƙi yana waƙa ƙasa-ƙasa ya ja motar babu waƙa har suka hau gada.

"Baba..."

"Ki rubuta yadda suka faɗa, ɗiyata," in ji mahaifinta, da muryar nan da aka gama yi wa dariya.